Irin da Ya Ƙyanƙyashe Kafin Ganye

A shekarar da 'yata Badi'a ta cika wata goma, jaka ɗaya tak aka rataye a rufin cocin ƙauyenmu, kuma tamu ce. Surukata Umm Shahin ta ce lokacin tana budurwa, in mutum ya ɗaga kai a cocin nan da sanyi ba ya ganin itacen rufi, sai jakunkunan iri, kowace da zaren gidan masu ita. Can kowa ke kai ƙwan tsutsar silikinsa ya sha sanyi, kada ɗumin murhu ya tashe shi tun lokaci bai yi ba.

Ni ban ga wannan zamani ba, wutsiyarsa na tarar. A bakinta na ji yadda Faransawa suka zo neman zare, kakanninmu suka tumɓuke alkama da inabi suka dasa itacen tut, abincin tsutsar siliki, a kowace matakala ta Dutsen Lubnan, tun daga bakin teku har inda ƙanƙara ke kwana. Karkana biyu, wato masana'antar zare, aka gina a kwarinmu, 'yan mata sun fi ɗari suna tsoma hannu cikin ruwan zafi suna warware zare. Duk jan rufin da ke ƙauyen, in ji ta, daga bakin tsutsa ya fito. Sai babban yaƙi ya rufe teku, mutane suka gane ganyen tut ba ya zama gurasa. Waɗanda suka tsira daga yunwa suka koma kiwo, sai ga wani zare na inji, mai sheƙi, mai araha. Aka shiga saran tut ana dasa tuffa da taba. Maza suka watse. Mijina Shahin yana wani gari wai shi Kano, yana sayen gyaɗa.

Namu irin ba na akwati ba ne. Da cuta ta taɓa faɗa wa tsutsa, kowa ya koma sayen iri a akwati daga Faransa, uwar Umm Shahin ce kaɗai ta ƙi. Ta riƙe nata, irin gida, mai yin ƙwanson zare rawaya kamar gwaiduwa. Shekara saba'in ke nan ba a taɓa barinsa ya yanke ba, har a cikin yunwar. In ya mutu a hannunmu, babu ƙofar da za a ƙwanƙwasa a samo wani.

Da sanyi ya fara janyewa, Umm Shahin ta fita ta murza tohon tut da yatsa, ta shinshina, ta aika aka sauko da jakar. Ta zazzage irin a ƙyalle, bai fi cokali biyu ba, kowane ƙwai bai kai ƙwayar riɗi ba. Ta ƙulle, ta miƙo mini.

"Bana ke za ki ɗauka, Mantura."

"Ni, Matar Baffa? Ina shayarwa fa." Matar Baffa ake kiran uwar miji a wajenmu.

"To da ƙirjin wa kike so a ɗauka, na limamin coci? Taɓa nan ki ji." Ta kama hannuna ta ɗora a ƙirjinta. "Tulun ruwa ya fi ni ɗumi. Shekara arba'in da ɗaya ina ƙyanƙyashe su, bana jikin ya ce ya gaji."

Ta koya mini abin da ake yi. Ƙullin yana kwana tsakanin nono, ana juya shi safe da yamma. Kwana goma sha biyu zai yi, ya fashe daidai ranar da ganye ya buɗe, domin jaririyar tsutsa ba ta cin komai a duniya sai jaririn ganyen tut. Ta ja kunnena a kan abu ɗaya.

"In iska ta juyo daga wajen ƙanƙara, itace zai dakata. To ke ma ki dakata. Ki cire shi daga fata ki mayar saman riga, ya ɗan sha iska. Idonki a kan itace, ba a kan ƙidayar kwana ba."

A kwana na biyar iskar ta juyo. A ranar kuma zazzaɓi ya kama Badi'a.

Ba zan yi wa kaina ƙarya ba, ban tuna da wani iri ba. Jikin yarinyar kamar gurasar da aka ciro daga tanda, numfashinta yana yin wata ƙara. Ta ƙi shimfiɗa, ta ƙi hannun kakarta, sai ƙirjina. Na buɗe riga na manna ta a fata, na lulluɓe mu da bargon ulu biyu, kwana uku ban sauke ta ba sai don in sha ruwa. Ƙullin yana nan tsakaninmu, tsakanin zafina da nata. Umm Shahin ma tana ta dafa ganyayyaki da kunna kyandir, ita ma ba ta tuna ba.

Da safiyar kwana na takwas na ji yarinyar ta jiƙe sharkaf da gumi. Na taɓa goshinta, sanyi ƙalau. Ta buɗe ido ta nemi nono. Ina gyara ta sai na ji wani abu yana mini tafiya a fata, kamar an watsa mini kiyashi.

Na kwance ƙyallen a bakin taga. Ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ƙyallen ya yi baƙi, kuma baƙin yana motsi. Dubbai ne, kowace ba ta kai gashin ido ba, kowace ta ɗaga kai tana lilo da shi hagu da dama, tana neman abin da aka halicce ta don shi. Kusan rabin ƙwan zafi ya dafa shi. Sauran sun fito. Na ɗaga ido na dubi itatuwan tut goma sha huɗu da suka rage mana a bayan gida. Rassa tsirara, toho a dunƙule kamar hannun marowaci.

Umm Shahin ta zo ta tsaya a kaina. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta taɓa goshin jikarta, ta dubi ƙyallen, ta yi alamar gicciye.

"Sun shanye mata zazzaɓin," ta ce.

"Matar Baffa, zazzaɓi kwanansa ya cika ya tafi."

"To. Ke kika sani."

"Kwana nawa za su yi ba ci?"

"Biyu. Masu taurin kai uku."

"Ganye fa?"

Ta leƙa taga. "Goma, in Allah ya so."

Ta yanka latas ƙanana ta barbaɗa musu. Suka hau, suka shinshina, suka sauka. Ta fasa toho da farce, ba komai a ciki sai ɗan kore mai ɗaci. Da rana ta yi, sai na ga ta ɗauko fartanya ta nufi gindin babban itacen. Mu ba ma zubar da tsutsa a juji, binne ta ake yi a gindin tut, ko da cuta ce ta kashe ta. Tana tafe tana dogara fartanyar kamar sanda.

Na san a bakin teku ganye yana riga namu buɗewa da mako biyu, kowa ya sani. Ita ma ta sani, amma ba ta furta ba, domin tafiyar yini ce a kan alfadari, kuma mai nono ba ta tafiya ta bar 'yar da ta tashi daga ciwo. Ni ma na riga na gaya wa kaina ba zan fitar da 'yata cikin iskar nan saboda tsutsa ba. Na zauna ina lissafi. A nan iska ce mai yanka fata, a ƙasa ɗumi ne. A nan ba likita, a Damur ta bakin teku akwai. Ƙirjin yarinyar yana buƙatar wanda zai saurare shi. Wannan shi ne dalilin da na ba kaina, kuma dalili ne na gaskiya. Amma akwai wani wanda ban faɗa ba. Abubuwan nan a tsakanin fatata da tata suka fito, safiya ɗaya da lafiyarta. Na kasa kallon a tona musu rami.

"Ajiye fartanyar nan, Matar Baffa. Aika a kira Baffa Mulhim."

Baffa Mulhim ba ɗan gidanmu ba ne, mai alfadari ne, tsoho, shi ya yi shekaru yana saukar da buhunan ƙwanso zuwa karkana. Da gari ya waye ya iso, lofe a baki. Ya dubi faifan tsutsar da na rufe da ƙyalle mai laima, ya dubi goyon da na naɗe har ba a ganin fuska.

"Matar Shahin, ina kayan?"

"Ga su nan."

"Wannan? Alfadarin nan ya ɗauki buhu shida a rana ɗaya, yau za a ɗora masa faifai? Zai yi fushi, wallahi. Yana da zuciya."

"Ya yi fushinsa. Kai kuma kashe lofen nan, Baffa."

"Lofena? Me ya yi miki?"

"Hayaƙin taba yana kashe su, ka fi ni sani."

"Yini guda ba hayaƙi! Ni za a binne a gindin tut, ba su ba." Ya ƙwanƙwasa lofen a dutse, ya cusa a ɗamara, ya leƙa ƙarƙashin ƙyallen. Ya daɗe bai ɗago ba. "Rawayan ne?"

"Su ne."

"Ashe suna nan." Bai ƙara wasa ba sai da muka wuce maɓuɓɓuga.

Muka yi ta gangara. Badi'a a ƙirjina, faifai a cinyata. Kowane ƙauye muka shiga idona yana kan rassa. Baffa Mulhim yana nuna mini da bulala: nan duk tut ne da, har can inda idonki ya tsaya. Yanzu kututture ne jere a matakalai, kamar haƙoran tsoho. Muka wuce karkana mai tagogi ashirin da biyu, awaki ne a ciki. Ya ce da, in ka biyo nan da rana tsaka, waƙar 'yan mata ta fi ƙarar ƙafafun injin. A ƙauye na uku toho ya kumbura. A na huɗu ya tsage, kore ya leƙo. Na cire wa yarinyar bargo ɗaya. Duk sanda na ɗaga ƙyalle sai in ga kawunan sun rage lilo.

La'asar sakaliya muka hango teku, muka kuma ji ƙarar gatari.

Filin Damur da aka ce da kore ne ɗaya daga dutse har ruwa, yanzu ayaba ce da lemo. Gonar tut guda ta rage a gefen hanya, kuma ita ake sara. Maza shida, sun riga sun kayar da fiye da rabi. Itatuwan suna kwance, kowane reshe cike da ganye sabo, ƙanana kamar kunnen ɓera, masu sheƙi. Ban san lokacin da na diro daga kan alfadarin ba. Na tsinko, na ciro wuƙa, na yanka siriri-siriri a kan gwiwata kamar yadda aka koya mini, na buɗe faifan na barbaɗa.

Da fari ba abin da ya motsa. Na ce a raina mun makara. Sai ɗaya ta ja jiki ta hau. Sai baƙin nan gaba ɗaya ya taso kamar an kira shi da suna, ya rufe koren.

"Ke baiwar Allah, gonar ubanki ce?"

Wani ƙato ne mai gashin baki, gatari a kafaɗa. Baffa Mulhim ya san shi, ya ce Abu Dahir ne, shugaban masu saran.

"Ganyen da ka kayar ƙasa nake tsinka, Abu Dahir. Ko shi ma sayarwa za ka yi?"

"Tsinki har ki gaji. Gobe war haka babu ko ɗaya a tsaye, jibi a dasa ayaba."

"Wanda aka sare zai yi yaushi kafin safe. Ka bar mini uku a tsaye, kwana biyar."

Ya juya wajen mutanensa yana dariya. "Kun ji mutanen dutse? Sun sauko ba gaisuwa, suna ba da umarni. Me za ki yi da tut, 'yar'uwa? Ba a gaya muku a can sama an daina ba? Ko dillali ɗaya ba zai hau dutse bana ba."

"Na sani."

"To don me?"

Na miƙa masa faifan kawai. Ya sunkuya yana shirin wata tsokanar, sai idonsa ya kafe a kansu. Sauran suka matso ɗaya bayan ɗaya. Ɗaya daga cikinsu yana da sigari a baki, Abu Dahir ya fizge ya jefar ba tare da ya dube shi ba.

"Kai jaki, a kan tsutsa?"

Suka tsaya zagaye da ni, maza shida masu gumi. Kowannensu a ɗakin tsutsa aka haife shi. Wani ya ce uwarsa takan kore su su kwana a waje wata guda, ta ba tsutsa ɗakin. Wani ya ce yankan nawa ya yi kauri, a ba shi wuƙar. Abu Dahir ya tambayi wane akwati ne.

"Ba na akwati ba ne. Irin gida ne, rawaya."

"Ƙarya kike. Wannan ya ƙare tun kakata tana da haƙori."

"Ka zo dutse bayan kwana arba'in ka gani."

Ya shafa gashin baki, ya dubi layin da ya rage. "Mai gona yana Bairut, ba ya ƙirga itace. Layin bakin rijiya zan bari. Kwana biyar, ba shida ba. In ayabata ta makara, ke zan aiko wa ki shayar da ita."

Matarsa ta ba ni ɗaki. Washegari na kai Badi'a wurin likita, ya saurari ƙirjinta ya ce ya washe, in bar ta ta sha rana. A kwana na biyar tsutsotsin suka ɗauki azuminsu na fari: suka daina ci, suka ɗaga kai sama suka sandare, yini guda cur, sannan suka tuɓe tsohuwar fata suka fito da sabuwar yunwa. A ranar gatari ya koma bakin rijiya. Ban tsaya kallo ba.

Gida bai yi ganye ba tukuna, amma ƙauye na huɗu ya yi. Sai muka hau zuwa can. Haka muka yi ta bin ganye yana hawa dutse muna biye da shi, kwana biyu a nan, uku a can. A kowane ƙauye akwai tsohuwar da ta hana a sare mata itace ɗaya ko biyu a bakin ƙofa, wai don inuwa. Da sun ji abin da ke cikin faifan sai su fito da tsofaffin faifansu daga rumbu suna kakkaɓewa. Faifai ɗaya ya zama uku, uku suka zama tara. Wata ta yi mini faɗa a kan na taɓa su da yatsa, ta ba ni gashin kaza. Wata ta zauna kusa da su yini guda tana kallonsu. Badi'a ta yi kumatu, ta fara kama bango tana miƙewa. Baffa Mulhim ya daina ƙorafi, alfadarinsa ya samu kayan da ya dace da darajarsa.

Kwana goma sha uku da fitarmu muka shigo ƙauye. Tun daga nesa na ga itatuwanmu goma sha huɗu sun yi kore shar. Umm Shahin tana bakin ƙofa. Ta fara karɓar jikarta, ta juya ta gaba da baya, ta shinshina wuyanta. Sannan ta ɗaga ƙyallen faifai na farko.

"Kin cika musu ganye da yawa," ta ce.

Bayan azumi na huɗu kowace ta kai tsawon yatsana, fara, mai sanyi a hannu. Muka kwashe kayan babban ɗaki muka jera faifai har rufi. Sau biyar a yini muke zuba ganye, rassa guda-guda, ba yanka. In aka zuba, sai ɗakin ya ɗauki wata ƙara kamar an fara yayyafi a kan busasshiyar ciyawa, ta yi ta ƙaruwa har ta zama ruwa sosai, alhali rana tana waje. Ranar farko Badi'a ta ɗaga kai tana neman inda ruwan ke zuba. Umm Shahin ta ce da, duk ƙauyen haka yake amsawa, gida ɗari da sittin, har mai wucewa a hanya yakan ɗaga ido ya dubi sama.

Da suka ƙoshi jikinsu ya koma garau kamar inabin da ya nuna. Muka kafa musu ƙirare, suka hau, kowace ta zaɓi lungunta ta fara jan zare daga bakinta, tana kaɗa kai kamar yadda ta yi ranar da ta fito a ƙyallena. Na zauna da 'yata a cinya ina kallon guda ɗaya tun tana bayyane, ta zama inuwa a bayan labule, har ta ɓace. Kwana uku, ƙiraren suka cika da rawaya.

Dillali bai zo ba, kamar yadda aka faɗa. Abu Dahir ne ya zo, a ƙafa, ya ɗauki ƙwanso ɗaya ya ɗaga shi a rana, ya ce to ba ƙarya na yi ba, ya sa a aljihu. Muka warware mafi yawa a tukunya a tsakar gida, zaren ya ishi rigar Badi'a da ɗankwali biyu. Ɗari biyu mafiya ƙarfi muka ware. Bayan mako biyu fararen malam-buɗe-littafi suka huda suka fito, ba sa tashi, ba sa ci, suka zuba ƙwai a kan ƙyalle suka mutu. Cokali uku muka samu.

Da sanyi ya kama, na hau tsani da kaina na rataye jakar a rufin coci. Ita kaɗai ce a wannan dogon itace. Umm Shahin tana ƙasa riƙe da tsanin, Badi'a tana riƙe da zanenta.

"Ƙulla da kyau," ta ce. "Baɗi ma ke ce. In yarinya ta yi zazzaɓi kuma, ki miƙo mini ƙullin tukuna, sannan ki rungume ta."